Rubuta antibiyotik a CSI da ƙananan asibitoci: yadda abin yake da abin da yake jawowa

Antibiyotik magani ne da ke kashe ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya, ko ya hana su hayayyafa a cikin jiki. Amoksisilin, kotrimokzazol da mutane suka fi sani da Bactrim, metronidazol wato Flagyl, siprofloksasin da allurar seftriyakzon duk ƴan wannan dangi ne. Mafi yawan antibiyotik ɗin da jama'a ke sha, a wajen duba marasa lafiya na yau da kullum ake rubuta shi: a CSI, a ɗakin shan magani na ƙauye, a kilinik ta unguwa, inda mutum ke zuwa da ƙafarsa ya koma gida da takardar magani. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya nuna cewa kusan rabin masu zuwa irin waɗannan wurare da antibiyotik suke fita, alhali ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ke aiki da shi bai wuce kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ba. Wannan rarar tana cin kuɗin iyali, kuma tana sa magunguna masu araha su daina aiki a ranar da ake matuƙar bukatarsu.

Cututtukan da yake yi wa aiki

A shekarar 1928 ne Alexander Fleming, wani likita mai bincike a asibitin St Mary's da ke Landan, ya lura cewa wata funfuna ta hana bakteriya tsiro a farantin gwajinsa. Daga nan aka samo penisilin, wanda aka fara sarrafawa da yawa lokacin yaƙin duniya na biyu. Tun a 1945, shekarar da ya karɓi kyautar Nobel, Fleming ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

Ƙwayoyin da ke sa rashin lafiya iri-iri ne. Bakteriya ke kawo taifot, kwalara, mashaƙo, tarin fuka, sanƙarau na annoba, ciwon sanyi na mara, yawancin ciwon mafitsara da kaso mai yawa na nimoniya. A kan waɗannan antibiyotik na ceton rai, kuma jinkirin ba da shi na iya kashewa. Birus kuwa shi ke kawo mura, ƙyanda, mafi yawan tari da ciwon maƙogwaro, da mafi yawan zawon ƙananan yara. Antibiyotik ba ya taɓa birus ko kaɗan. Masassarar cizon sauro ita ma ƙwayarta daban ce, maganinta daban. Sannan antibiyotik ba ya saukar da zafin jiki kuma ba ya kashe raɗaɗi. Wannan aikin parasetamol ne. Mai mura da ya sha amoksisilin ya warke bayan mako guda, ko bai sha ba a wannan makon zai warke.

Masu rubutawa a Nijar

Tsarin kiwon lafiya na Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ɗakin shan magani na ƙauye, case de santé a Faransanci, sai CSI, sai asibitin gunduma, sai na jiha, sannan manyan asibitocin ƙasa. A manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai kuma kilinik-kilinik da ɗakunan jinya masu zaman kansu. Likitoci ba su da yawa, kuma akasarinsu a birane suke. Saboda haka a yawancin CSI malamin jinya ko ungozoma ne ke duba maras lafiya, ya yanke shawara, ya rubuta magani.

Ba da ka ake sa ran su yi aikin ba. Akwai jagorar SPT, wadda ke bi da ma'aikaci daga ƙorafin maras lafiya zuwa maganin da ya dace. Akwai PCIME, tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar da OMS da UNICEF suka fito da shi a shekarun 1990. Akwai kuma jerin muhimman magunguna na ƙasa, wanda ya fayyace abin da kowane mataki ke da izinin ajiyewa da bayarwa. Waɗannan takardu sun faɗi sarai lokacin da ake ba da antibiyotik, wane iri, da kwana nawa. Matsalar tana tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake yi ranar da layi ya yi tsawo.

A gefe guda kuma akwai masu ba da antibiyotik ba tare da sun duba kowa ba: masu tallar magani a kasuwa da tasha, masu tebur a bakin hanya, da wasu shagunan da ke sayarwa ba a nuna musu takarda ba. A wurinsu da launin kafso ake neman magani, a sayi biyu ko huɗu gwargwadon kuɗin da ke hannu. A doka, antibiyotik na cikin magungunan da sai da takardar likita.

Abin da alƙaluma suka nuna

Tun 1993 OMS ke da hanya mai sauƙi ta auna yadda ake rubuta magani: a ɗauki rajistar asibiti, a ƙirga mutum nawa cikin ɗari suka fita da antibiyotik. Ma'aunin da aka saba kwatantawa da shi tsakanin kashi 20 ne zuwa kusan 27. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara binciken shekaru ashirin daga ƙananan asibitocin Afirka, ya samu kashi 46.8, tare da kimanin magani uku a kowace takarda, kuma mutum ɗaya cikin huɗu an yi masa allura. Wani nazarin na 2020 kan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ya samu kashi 52.

Abin ya fi ƙamari a wajen yara. Wani bincike da ya fito a 2020 ya duba ƙasashe takwas, ciki har da Senegal, Kenya, Tanzaniya da Yuganda, ya ƙiyasta cewa kafin yaro ya cika shekara biyar an rubuta masa antibiyotik kimanin sau 24. An ba kashi 80 cikin ɗari na yaran da suka zo da mura ko tari, rabin masu zawo, da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ce masassarar cizon sauro ce ke damunsu.

Inda aka fi wuce gona da iri

Mura da tari su ne kan gaba, musamman da hunturu, lokacin da ƙura da sanyi ke cika asibitoci. Mura kan ɗauki kwana bakwai zuwa goma, tari kuwa na iya kaiwa mako uku kafin ya tafi da kansa. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ba hujja ba ce cewa bakteriya ta shiga. Abin da PCIME ta ce a duba ga yaro mai tari shi ne numfashi. A ƙirga shi na minti ɗaya cur yaron yana natse: idan ya kai 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuma ƙasan ƙirji na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, to nimoniya ce, a ba da amoksisilin. In babu waɗannan kuma babu wata alamar haɗari, ruwa, nono, abinci da sa ido sun wadatar.

Na biyu shi ne zazzaɓin da gwajin TDR ya nuna ba na cizon sauro ba ne. A 2010 OMS ta ce a daina ba da maganin masassara sai an gwada jini, abin da ya rage ɓarnar wannan magani ƙwarai. Sai dai ya buɗe wata ƙofa. Wani nazari na 2017 da ya haɗa marasa lafiya fiye da rabin miliyan a Afirka da Afghanistan ya gano cewa an ba kashi 69 na waɗanda gwajinsu bai nuna masassara ba antibiyotik, a kan kashi 40 na waɗanda ya nuna. Ma'aikaci ya rasa sunan da zai ba zazzaɓin, sai antibiyotik ya cike gurbin. Alhali yawancin irin wannan zazzaɓi ga yaro marar alamar haɗari na birus ne, kuma yakan sauka cikin ƴan kwanaki.

Na uku zawo. Abin da ke kashe yaro mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne, maganinsa kuma ruwan gishiri da sukari na SRO tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Sai zawon da ke da jini, ko kwalara mai tsanani, ko yaron da ke da tamowa mai tsanani ko wata cuta ta daban, ake haɗawa da antibiyotik. Duk da haka Flagyl da Bactrim sun zama kamar abokan tafiyar kowane ciwon ciki.

Na huɗu taifot. A birane da yawa gwajin Widal ake dogara da shi, gwajin da aka ƙirƙiro tun 1896. Yakan nuna alama ga mutumin da ya taɓa cutar ya warke, ko wanda wani zazzaɓin daban ke damunsa, har da masassarar cizon sauro. Gwaji ɗaya na Widal bai isa tabbatar da taifot ba; abin da ke tabbatarwa shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ƙwayar ta tsiro. Da wannan gwaji maras tabbas ake ɗora mutane da yawa kan siprofloksasin ko seftriyakzon, galibi tare da maganin masassara a takarda ɗaya.

Na biyar allura. Mutane da yawa sun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Ga wanda ke iya haɗiya kuma ciwonsa bai yi tsanani ba, maganin sha yana aiki daidai, ya fi araha, kuma ba ya barin ƙurji a ɗuwawu. Seftriyakzon magani ne na sanƙarau da cututtuka masu tsanani. Yi wa mai mura ko mai ƙaramin rauni shi ɓarna ce.

Me ke sa a rubuta

Ma'aikatan lafiya da yawa sun san ƙa'idar. Abubuwan da ke tura hannunsu zuwa takarda sanannu ne.

Rashin gwaji shi ne babba. Wani bincike na 2022 a ƙasashen Afirka 14, ciki har da Najeriya da Burkina Faso, ya gano cewa cikin ɗakunan gwaji kusan 50,000 kashi 1.3 kacal ke yin gwajin gano bakteriya. A CSI abin da ke hannu galibi ma'aunin zafi ne, TDR, agogo da ido.

Sai tsoro. Idan uwa ta taho daga ƙauye mai nisa a kan amalanke ko babur, ma'aikaci ya san da wuya ta dawo bayan kwana biyu a sake duba yaron. In ya hana maganin yaron ya tsananta, shi za a zarga. In ya bayar a banza, babu wanda zai zo ya tuhume shi, domin illar ba ta fitowa a ranar.

Sai ƙarancin lokaci. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassara ke kan ganiyarta, ma'aikaci ɗaya kan duba yara masu ɗimbin yawa a wuni. Rubuta amoksisilin bai kai minti ɗaya ba. Ƙirga numfashi, duba kunne da maƙogwaro, da yi wa uwa bayanin dalilin da ba za a ba da shi ba, sun fi haka cin lokaci.

Sai abin da majinyaci ke sa rai. Wanda ya biya kuɗin ganin likita aka sallame shi da parasetamol kawai yakan ji kamar ba a kula shi ba, gobe ya canza asibiti ko ya bi ta wajen mai tebur. A wuraren da ribar gida ke fitowa daga sayar da magani da yin allura, doguwar takarda ta fi gajera kawo kuɗi. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna kuma cewa masu duba marasa lafiya kan yi zaton ana son antibiyotik fiye da yadda ake sonsa. Sau da yawa abin da iyaye ke nema shi ne a duba ɗansu da kyau a gaya musu abin da ke damunsa.

Akwai kuma sabo: sabon ma'aikaci yakan kwaikwayi takardar wanda ya tarar. Yankewar magani ma na da nata tasiri. Tun 2006 gwamnati ta mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, abin da ya ƙara yawan masu zuwa asibiti, amma jinkirin mayar wa cibiyoyi kuɗinsu ya sha barin kantocin magani wayam. Idan amoksisilin ya ƙare, abin da ya rage a kanta shi ake rubutawa, ko da ya fi ƙarfin ciwon.

Yadda ƙwayoyin cuta ke bijirewa

Mutane kan ce jikinsu ya saba da magani. Ƙwayar cutar ce ke sabawa, kuma tana iya tashi daga wanda ya sha zuwa wanda bai taɓa sha ba. A hanjin kowane mutum akwai biliyoyin bakteriya, akasarinsu masu amfani. Duk lokacin da aka sha antibiyotik, ko da bukata ko babu, yana kashe masu rauni ya bar masu taurin kai. Waɗannan su samu fili su hayayyafa. Wasu bakteriya kan rabu biyu cikin kimanin minti 20 idan yanayi ya yi musu daɗi. Sukan kuma miƙa wa wasu bakteriyar wannan dabara. Daga nan sai su bi hannu, bayan gida, ruwan sha da abinci su shiga sauran ƴan gida da maƙwabta. Antibiyotik ɗin da ake ɗirka wa kaji da dabbobi ba bisa ƙa'ida ba yana ƙara wa wutar itace.

Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma suna da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yankin da abin ya fi muni shi ne Afirka ta Yamma, da mutuwar mutum 27.3 cikin kowane 100,000.

A Maraɗi ma an ga alamar. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan yara masu tamowa da aka kwantar a wata cibiyar jinya ya gano cewa kashi 31 sun iso ɗauke da bakteriyar hanji masu lalata magunguna irin su amoksisilin da seftriyakzon. Cikin waɗanda suka zo babu ita aka sake gwada su wajen sallama, kusan duka sun kwasa. Idan irin wannan ƙwaya ta shiga jinin jariri ko mafitsarar mai ciki, sai magunguna masu tsada da ba a samu a CSI.

Illa ga wanda ya sha

Ban da bijirewa, antibiyotik na da nasa illoli. Zawo, amai, ƙuraje da ƙaiƙayin gaba ga mata sun zama ruwan dare. Penisilin da danginsa na iya sa wasu kumburin fuska da sarƙewar numfashi nan take. Kotrimokzazol, ko da yake ba kasafai ba, na iya sa fata da leɓe su saɓule, ciwon da ke kai mutum ga kwanciya asibiti. Tetrasiklin na ɓata haƙoran yara ƴan ƙasa da shekara 8, kuma ba a ba mai ciki. Jentamisin idan ya yi yawa yana taɓa ƙoda da ji. Kloramfenikol na iya hana ɓargo yin jini. Ga wanda ke bukatar maganin, amfaninsa ya rinjayi wannan kasada. Wanda mura kawai ke damunsa, kasadar ce kaɗai rabonsa.

Ingancin maganin ma abin dubawa ne. A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma antibiyotik da maganin masassara ne aka fi kawo rahotonsu. Kafson da ya wuni a rana kan tire, ko wanda sinadarinsa bai cika ba, ba ya gama da ƙwayar cuta, sai dai ya horar da ita.

Rukuni uku na OMS

A 2017 OMS ta kasa antibiyotik gida uku, tsarin da ake kira AWaRe. Rukunin farko na magungunan da ya kamata a fara da su kuma a same su ko'ina: amoksisilin, kotrimokzazol, doksisiklin, metronidazol, kloksasilin, jentamisin. Rukuni na biyu na waɗanda ake sa wa ido domin sun fi saurin haifar da bijirewa: siprofloksasin, azitromisin, sefiksim, seftriyakzon. Na uku na ajiya ne, irin su kolistin da linezolid, waɗanda sai a babban asibiti bayan komai ya gaza.

A 2022 hukumar ta fitar da littafin jagora da ya bi cututtuka fiye da talatin ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna cewa mafi yawan cututtukan da ake gani a ƙaramin asibiti ko dai rukunin farko ya ishe su, ko ba sa bukatar antibiyotik sam, kuma sau da yawa kwana uku zuwa biyar sun isa. A watan Satumba na 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince cewa nan da 2030 aƙalla kashi 70 na antibiyotik ɗin da mutane ke sha ya kasance daga rukunin farko, kuma a rage mace-macen da ke da nasaba da bijirewa da kashi 10.

Rashinsa ma yana kisa

A Nijar yaran da nimoniya ke kashewa saboda ba su samu amoksisilin a kan lokaci ba suna da yawa. Annobar mashaƙo da ta ɓulla a Matamaye cikin jihar Damagaram a 2023 ta tuna wa kowa cewa akwai ciwon maƙogwaron da ke bukatar antibiyotik da gaggawa. Gwaje-gwaje biyu da aka yi a ƙasar sun nuna yadda lissafin ke da wuya.

A gundumar Madarumfa, tsakanin 2012 da 2013, an gwada amoksisilin kan yara kusan 2,400 masu tamowa mai tsanani da ake jinya a gida. Kashi 65.9 na waɗanda suka sha sun murmure, a kan kashi 62.7 na waɗanda ba su sha ba, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba, ko da yake maganin ya ɗan rage yawan waɗanda aka kwantar. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa yaran da suka sha sun fi kwasar bakteriya masu bijirewa. Har yanzu ƙa'idar OMS ita ce a ba irin waɗannan yara amoksisilin, domin wani gwaji a Malawi ya nuna yana rage mutuwa.

A jihar Doso kuma, a gundumomin Boboye da Loga, gwajin MORDOR da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa raba wa yara azitromisin sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kashi 18. Amma a ƙauyukan da aka raba, ƙwayoyin da ke jure wa wannan magani sun ƙaru. Irin wannan rabo shiri ne na hukuma, da ƙidaya da sa ido. Ba ya halatta wa kowa sayen azitromisin ya ba ɗansa.

Abin da ya rage ɓarnar a wasu wurare

Faransa na cikin ƙasashen Turai da suka fi shan antibiyotik. A 2002 hukumar inshorar lafiyarta ta fara gangamin faɗakarwa a rediyo da talabijin kowane lokacin sanyi, ta kuma raba wa likitoci gwajin maƙogwaro na ƴan mintoci da ke nuna ko bakteriya ce. Cikin shekara biyar rubuta antibiyotik a lokacin sanyi ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

A Tanzaniya, tsakanin 2021 da 2022, an gwada wata manhajar kwamfutar hannu a ƙananan asibitoci 40. Tana bi da ma'aikaci mataki-mataki, tare da gwajin jini na CRP, na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, da ziyarar masu horarwa. Inda aka yi amfani da ita kashi 23 na yara aka ba antibiyotik, inda ba a yi ba kashi 70, kuma yaran ɓangaren farko ba su gaza na biyu warkewa ba.

Akwai matakan da ba sa bukatar na'ura: shugaban CSI ya ƙirga rajistarsa duk wata ya ga kashi nawa suka fita da antibiyotik, a rubuta sunan cutar kusa da kowane magani, a sa wa uwa ranar dawowa. Allurar rigakafi, musamman ta nimoniya, zawon rota, ƙyanda da Penta, tare da ruwa mai tsabta da wanke hannu, suna rage cutar tun kafin a kai ga takarda.

Abin da ya rataya kan majinyaci da iyalinsa

Wanda aka rubuta wa magani yana da haƙƙin tambaya cikin ladabi: mene ne sunan ciwon, wanne ne antibiyotik a cikin takardar, sau nawa a rana, kwana nawa, kuma wace alama ce za ta sa a dawo. Ya faɗi maganin da ya riga ya sha a gida, da wanda ya taɓa yi masa illa. Mace ta faɗa idan tana da ciki ko tana shayarwa. Idan ma'aikaci ya duba da kyau ya ce babu bukatar antibiyotik, kada a matsa masa, kada kuma a je a saya a waje.

Idan an rubuta, a saya a farmasi ko kantin asibiti, a sha a kan lokaci har adadin kwanakin da aka faɗa. Ba a raba shi da wani, ba a ajiye ragowa don gaba, ba a sake amfani da tsohuwar takarda. Garin siro na yara da ruwa mai tsabta ake haɗa shi daidai layin da ke jikin kwalba, a auna da cokalin da ya zo da shi, a ajiye a wuri mai sanyi, a zubar da abin da ya rage. Ba a buɗe kafso a barbaɗa a kan rauni.

Akwai alamun da ba a jira da su, ko an fara magani ko ba a fara ba: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da komai, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashinsa na sauri ko ƙirjinsa na lotsawa, wuyansa ya sanƙare, ko akwai jini a bayan gidansa. Jaririn da bai kai wata biyu ba, zazzaɓi kaɗai ko sanyin jiki ya isa a garzaya da shi asibiti. Haka kuma duk wanda zazzaɓinsa bai sauka ba bayan kwana biyu zuwa uku, ko tarinsa ya wuce mako biyu, ya koma a sake duba shi.